Tiroponin a Asibitoci Goma na Sikotlan: An Gano Raunin Zuciya, Me Aka Yi da Shi?

Tsakanin watan Yunin 2013 da Maris na 2016, mutum 48,282 suka shiga sashen gaggawa na asibitoci goma da ke yankunan Edinbara da Gilasgo a ƙasar Sikotlan, likita yana zargin jijiyar zuciyarsu ce ta toshe. Kowannensu an ɗebi jininsa, kuma jinin nan sau biyu aka auna shi: da tsohon gwajin da aka saba, da kuma wani sabo mai kaifin gani. Abu guda ake nema a ciki, wani furotin da ake kira tiroponin, wanda a takardar sakamako za ka ga an rubuta troponin. A watannin farko likitocin da ke kan marasa lafiyar ba sa ganin sakamakon sabon gwajin, ajiye shi ake yi a rufe. Daga baya aka buɗe musu shi, aka rufe tsohon. Asibitoci biyar sun sauya bayan wata shida, sauran biyar ɗin bayan shekara guda, kuma ƙuri'a ce ta raba su.

Farfesa Nicholas Mills da Dokta Anoop Shah da abokan aikinsu na Jami'ar Edinbara ne suka tsara aikin, suka sa masa suna High-STEACS. Tambayarsu gajera ce: idan aka ba likita gwajin da ya fi tsohon gani, mutuwa za ta ragu? Kusan kowa ya ɗauka amsar eh ce, kuma suna da hujjar ɗaukar haka.

Abin da ke zuba daga tsokar zuciya

Zuciya tsoka ce, kuma a cikin kowace ƙwayar halittarta akwai zarurruka iri biyu, masu kauri da sirara, da ke jan juna duk lokacin da za ta matse. A jikin siraran ne tiroponin yake maƙale, kuma aikinsa tsaron ƙofa. Sassa uku gare shi. Sashen C shi ke kama sinadarin kalsiyam idan ya kwararo cikin ƙwayar. Sashen I shi ke hana zarurrukan haɗuwa muddin kalsiyam bai iso ba. Sashen T kuwa shi ke ɗaure duka ukun a jikin zaren. Da kalsiyam ya iso sai ƙofa ta buɗe, tsoka ta matse, jini ya fita. Masanin nan ɗan Japan, Setsuro Ebashi, shi ya gano wannan furotin a shekarun 1960, lokacin yana binciken yadda tsoka ke motsi, ba maganar asibiti ce a gabansa ba.

Amfaninsa ga likita ya zo ne daga wata baiwa ta halitta: irin I da T da ke cikin zuciya sun bambanta da na tsokar hannu ko ta cinya. Saboda haka idan aka ga na zuciya yana yawo a jini da yawa, an san daga ina ya fito. Kafin a kai ga wannan, likitoci sun yi shekaru suna dogara da wasu sinadarai. An fara da AST a 1954, daga baya aka koma CK da ɗan'uwansa CK-MB. Matsalarsu ita ce ba zuciya kaɗai ke fitar da su ba. Ciwon hanta yana ɗaga AST, faɗuwa ko allurar tsoka ma tana iya ɗaga CK. A ƙarshen shekarun 1980 ne Hugo Katus, wani likitan zuciya a Heidelberg ta Jamus, ya samar da gwajin tiroponin T, kuma a shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka ayyana tiroponin a matsayin ma'aunin da aka fi so wajen tabbatar da bugun zuciya, wato mutuwar wani sashe na tsokar zuciya saboda jini bai ishe shi ba.

Ba nan take yake bayyana ba. Bayan tsoka ta ji rauni sai an ɗauki 'yan sa'o'i kafin ya hau a jini, ya kai ƙololuwa cikin kamar yini guda, sannan ya riƙa sauka a hankali har tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa awo ɗaya bai cika wadatarwa ba. Likita yana son ya ga lambar tana motsi, sama ko ƙasa, tsakanin ɗiba ta farko da ta biyu.

To nawa ne ya yi yawa? Ga yadda ake yanke iyakar: a tara mutane masu lafiya, a auna su, a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, sai a ja layi a inda mutum ɗaya ne kacal cikin 100 ya wuce. Duk wanda ya haura wannan layin, an ce tsokar zuciyarsa ta ji rauni. Ana auna shi da nanogiram a kowace lita ta jini, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

Nasarar farko

Dalilin da ya sa mutanen Edinbara suka shiga wannan aiki da ƙwarin gwiwa shi ne sun taɓa gwada irinsa, ya yi kyau. A babban asibitin birnin, Royal Infirmary, iyakar da ake aiki da ita a 2008 ita ce 200. Wanda sakamakonsa ya tsaya ƙasa da haka ana ce masa ba bugun zuciya ba ne. Mills da mutanensa suka bi diddigin marasa lafiya 2,092, suka ware waɗanda ke tsakanin 50 da 190, waɗanda likitocinsu ba su san ainihin lambarsu ba. Abin da suka tarar yana da tayar da hankali. Cikin shekara guda kashi 39 cikin 100 na waɗannan mutane sun mutu ko sun sake samun bugun zuciya, alhali waɗanda suka haura 200, masu rauni mafi girma, kashi 24 ne. Mai ƙaramin rauni ya fi mai babban rauni shiga haɗari, don kawai shi mai babban an gane shi an ba shi magani, shi kuma an sallame shi. Da aka sauko da iyakar zuwa 50 a 2009, likitoci suka fara ganin waɗannan mutane suna ba su kulawa, sai kashi 39 ɗin nan ya faɗo zuwa 21. Mujallar JAMA ta buga wannan a 2011.

Wanda ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya ce a ƙara saukowa.

Sai ga sabon gwaji na kamfanin Abbott, wanda ke iya auna tiroponin I ko da 'yan nanogiram ne, har a jinin mai lafiya. Da shi ne wani abu ya fito fili wanda tsohon gwajin ba ya iya nunawa: layin maza da na mata ba ɗaya ba ne. Zuciyar mace ta fi ta namiji ƙanƙanta a galibi, kuma tiroponin da ke jininta ya fi kaɗan. A wannan gwajin layin namiji 34 ne, na mace 16. Tsohon gwajin kuwa layi guda yake ja wa kowa, 40 a wasu asibitocin, 50 a wasu.

Mu ɗauka mace 'yar shekara saba'in ta zo da nauyin ƙirji da gajiya da haki, an ɗaura mata wayoyin ECG, na'urar da ke zana bugawar zuciya a takarda, takardar ba ta nuna wani abu a fili ba, an ɗebi jini a ɗan kwalba an kai ɗakin gwaji, lambar ta fito 25. A tsohon tsari takardarta za ta dawo da cewa babu komai. A sabon tsari ta wuce layinta da tazara. Namijin da ke gadon kusa da ita mai lamba 25 ɗin, a duka tsarin biyu yana ƙasa da layi. Lamba ɗaya, hukunci biyu. A wani bincike da Shah ya jagoranta kan mutum 1,126 a asibitin na Edinbara, wanda mujallar BMJ ta buga a 2015, sabon gwajin da layin jinsi ya ninka yawan matan da aka tabbatar suna da bugun zuciya daga kashi 11 zuwa 22 cikin 100, maza kuwa daga 19 zuwa 21 kawai. Ma'ana, a cikin matan da ke da bugun zuciya a wannan asibiti, rabi tsohon gwajin ba ya ganinsu.

Sakamakon 2018

An bayyana sakamakon High-STEACS a watan Agustan 2018, mujallar Lancet ta buga shi. A cikin mutum 48,282 ɗin, 10,360 ne aka samu tiroponin ɗinsu ya wuce layi. Daga cikinsu 1,771, wato kashi 17 cikin 100, sabon gwajin ne kaɗai ya kama su. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mata ne, kuma galibinsu tsofaffi. Mutum 720 sun zo a lokacin da sakamakon yake rufe, 1,051 sun zo bayan an buɗe. A rukunin farko mutum 105 suka sake samun bugun zuciya ko ciwon zuciya da jijiyoyi ya yi ajalinsu cikin shekara guda, kashi 15 ke nan. A na biyu mutum 131, kashi 12. A ido kamar an samu sauƙi, amma da aka daidaita lissafin da bambancin asibitoci da lokacin shekara da shekarun marasa lafiyar, ratar ta ɓace. Murna ta koma ciki. Masu binciken ba su ɓoye ba, suka rubuta cewa sakamakon ya sa ayar tambaya a kan ko layin da aka ciro daga jinin masu lafiya shi ne ya dace a yanke hukuncin bugun zuciya da shi.

Me ya bambanta wannan karon da na 2009? A nan gizo ke saƙar. Tiroponin yana faɗin cewa tsokar zuciya ta ji rauni, amma ba ya faɗin abin da ya ji mata raunin. Bugun zuciyar da kowa ya sani, wanda likitoci ke kira nau'i na ɗaya, yana faruwa ne idan kitsen da ya taru a bangon jijiyar zuciya ya fashe, jini ya daskare a wurin ya tare hanya. Wannan yana da magani sananne: asfirin da ɗan'uwansa mai hana jini dunƙulewa, maganin rage kitse a jini, hoton jijiyoyin zuciya, da buɗe jijiyar a sa mata ɗan bututun waya ko a yi aikin tiyata. Amma akwai nau'i na biyu, inda jijiyar ba ta toshe ba, sai dai zuciyar ce ta buƙaci iskar da jini bai iya kai mata ba, kamar wanda ya zubar da jini da yawa, ko zuciyarsa ke gudu ba tsari, ko numfashinsa ya yi ƙasa. Sannan akwai raunin da bai shafi ƙarancin jini ga tsoka ba sam: cutar da ta bazu cikin jini, kumburin tsokar zuciya, gazawar zuciya, tsohon ciwon ƙoda. Har masu tseren gudun fanfalaki ana samun tiroponin ɗinsu ya hau bayan tsere, ya sauka da kansa. A shekarar 2018 ɗin dai, sabuwar ma'anar bugun zuciya ta huɗu da ƙungiyoyin likitocin zuciya na duniya suka fitar ta raba waɗannan biyun a sarari: raunin tsoka daban, bugun zuciya daban, kuma ba a ce bugun zuciya sai lambar ta motsa kuma akwai alamar ƙarancin jini ga tsokar.

Masunci ya san duk lokacin da ya rage idon ragarsa zai ƙara kamu, amma ba duk abin da ya hau ba ne kifin da ya fito nema. Cikin mutum 1,771 ɗin nan, kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke da nau'i na ɗaya. Sauran kashi biyun babu jijiyar da za a buɗe musu, kuma babu wani tsararren magani da bincike ya tabbatar a kansu. Likita yana riƙe da takarda mai cewa zuciyar wannan dattijuwa tana cikin wahala, amma littafinsa bai gaya masa abin da zai yi ba. Zamansu a asibiti ya tsawaita, an ƙara ba wasu magunguna, amma ba yadda zai sauya lissafin mutuwa ba.

Wannan bayanin gaskiya ne, amma ni ban yarda shi kaɗai ne ba, kuma alƙaluman binciken da kansu ne suka hana ni yarda. A 2019 Kuan Ken Lee da sauran 'yan tawagar suka sake duba bayanan ta fuskar jinsi. Layin jinsi ya ƙara yawan matan da aka gano da raunin zuciya da kashi 42 cikin 100, maza da kashi 6. Amma da aka zo kan magani, cikin masu raunin zuciyar an buɗe wa kashi 34 na maza jijiya, mata kashi 15. Magungunan nan biyu masu hana jini dunƙulewa, maza kashi 43, mata 26. Maganin rage kitse, maza 26, mata 16. Kusan rabi a ko'ina. Za a iya cewa matan sun fi tsufa, sun fi yawan wasu cututtuka, kuma da yawansu ba nau'i na ɗaya gare su ba, duk haka ne. Sai dai wannan a ƙasar da ba a biyan kuɗin asibiti daga aljihu ne, inda ba za a ce mace ta rasa magani don mijinta bai kawo kuɗi ba. An yi shekaru ana cewa ba a yi wa mata magani ne saboda gwaji ba ya gano su. Ga gwaji ya gano su, hannun likita bai sauya sosai ba. Wannan ya fi damuna fiye da kashi 15 da 12 ɗin can, domin sabon inji ana iya sayensa a shekara guda, amma tunanin da ya ɗauki bugun zuciya a matsayin ciwon maza ba a sauya shi da takardar oda.

Ribar da ta fito ta ɗaya ɓangaren

Duk hankali ya tafi kan manyan lambobi, ashe babban amfanin sabon gwajin yana can ƙasa. Tun da yana iya auna ɗan mitsitsi, yana iya nuna wanda tiroponin ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai. A 2015 tawagar ta nuna, a kan mutum 6,304, cewa kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda ba su haura layi ba lokacin zuwansu suna ƙasa da 5, kuma a cikin duk mutum 1,000 irinsu, 996 ba su samu bugun zuciya ko mutuwar zuciya ba cikin kwana 30.

Daga nan suka gina wata hanya. Wanda ya zo fiye da sa'a biyu bayan ciwon ya fara, ECG bai nuna komai ba, lambarsa ƙasa da 5, ana iya sallamarsa da awo ɗaya. Wanda ke tsakanin 5 da layin jinsinsa sai a sake aunawa bayan sa'a uku, a ga ko ta motsa. A tsohuwar hanya sai an jira sa'a 6 zuwa 12 daga farawar ciwo, abin da ke sa a kwantar da mutane da yawa don jiran jini kawai. An gwada sabuwar hanyar a asibitoci bakwai kan mutum 31,492, a wani aiki mai suna HiSTORIC da aka buga a 2021. Zaman asibiti ya ragu daga sa'a 10.1 zuwa 6.8, waɗanda ake sallama kai tsaye sun ƙaru daga kashi 50 zuwa 71 cikin 100. Waɗanda suka samu bugun zuciya ko suka mutu da ciwon zuciya cikin kwana 30 bayan sallama kashi 0.4 ne a da, 0.3 a sabuwar hanya. Adadin ya yi kaɗan har lissafi bai iya rantsewa a kai yadda aka tsara ba, amma babu alamar an cutar da kowa, har zuwa shekara guda.

Sharaɗin sa'a biyun nan ba ado ba ne. Wanda ya iso minti talatin bayan ciwo ya kama shi, jininsa yana iya fitowa fes alhali jijiyarsa a toshe take. Haka nan wanda ECG ɗinsa ya nuna babbar toshewa ba a jiran sakamakon jini a kansa, kai tsaye ake neman buɗe jijiyar.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan labarin masu hali ne. Akwai abin da ya shafe mu a ciki. A wurinmu ciwon ƙirji yakan daɗe ana kiransa olsa kafin a kai ga tunanin zuciya, kuma mutane kan iso asibiti bayan kwana biyu ko uku. Tun da tiroponin yana daɗewa a jini, yana iya ba da shaidar abin da ya riga ya faru. Mai hawan jini da ya taɓa ƙoda ko ya kumbura zuciya kuwa, lambarsa tana iya zama a sama kullum ba tare da wata jijiya ta toshe ba, don haka ɗiba ta biyu ba almubazzaranci ba ce, ko da daga aljihu ake biya. Kuma layin 34 da 16 na injin kamfani guda ne. Kowane inji da nasa layin, na tiroponin T ma daban yake da na I, saboda haka ba a ɗauko sakamakon wani ɗakin gwaji a gwama shi da na wani a ce ya hau ko ya sauka.

Mutanen Edinbara ba su rufe fayil ɗin a 2018 ba. Sun ci gaba da bin mutum 48,282 ɗin nan har shekara biyar, BMJ ta buga abin da suka gani a 2023. Idan aka haɗa kowa da kowa, har yanzu babu wani bambanci na a zo a gani. Amma a cikin waɗanda sabon gwajin ne kaɗai ya kama, kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka rufe sakamakonsu sun mutu ko sun sake samun bugun zuciya, a waɗanda likita ya ga sakamakonsu kuwa kusan kashi 54 ne, kuma wannan karon ratar ta tsaya ko bayan an daidaita lissafi. Abin da ba a zata ba shi ne inda sauƙin ya fi fitowa: ba a masu toshewar jijiya ba, a masu raunin da bai shafi toshewa ba, mutanen nan da aka ce babu abin yi musu. Wannan sashe na binciken kallo ne daga baya, ba shi da ƙarfin hujjar gwajin farko, kuma bai tabbatar da dalili ba. Fassarar da ta fi kwanta mini ita ce likitan da ya ga lambar ta haura layi yakan tsaya ya ƙara dubawa, ya nemi hoton zuciya, ya gano gazawar zuciya ko matsalar bawul, wato ƙofofin da ke cikin zuciya, ko bugawa marar tsari da ba a sani ba, kuma irin wannan kulawa ba a shekara ɗaya take nuna amfaninta ba.